Ido ba mudu ba ne: yadda awon hayaki ke nuna ko na'urar gas na bukatar sabis

Duk wanda ya taɓa zaman haya a Ingila ya san baƙon nan da ke zuwa sau ɗaya a shekara. Mai gida ko wakilinsa zai turo saƙo cewa ranar kaza mai duba gas zai zo, a tabbata akwai mutum a gida. A shekarata ta farko, a wani gari na arewacin ƙasar, na ɗauka mutumin zai zo da akwatin sifanoni ya wargaza tukunyar dumama gida da ke maƙale a bangon kicin, wadda suke kira boila, kamar yadda bakanike ke baje kayan inji a ƙasa idan an kai masa mota sabis.

Da ya zo sai ya nuna mini katin shaidarsa, ya ciro wata 'yar na'ura da ba ta fi tsohuwar wayar salula girma sosai ba, mai doguwar roba da tsinken ƙarfe a bakinta. Bai nufi kicin ba tukuna. Bakin ƙofa ya koma, ya tsaya a waje cikin sanyi, ya kunna ta ya bar ta ta shaƙi iskar waje na ɗan lokaci. Sannan ya shigo ya kwance wani ɗan murfi a gwiwar bututun hayaki da ke saman boilar, ya zura tsinken, ya ce in buɗe famfon ruwan zafi har ƙarshe. Fanka ta ɗauka, wuta ta kama, lambobi suka fara rawa a fuskar na'urar. Ɗaya ta yi tsalle sama, ta dawo tana sauka a hankali har ta tsaya. Ya jira wasu mintuna, ya danna, wata 'yar takarda ta fito kamar rasit ɗin mai POS.

Na tambaye shi ko ba zai buɗe boilar ba. Ya miƙo mini takardar, ya ɗora yatsa kan layin da aka rubuta 0.001, ya ce wannan lambar ce ke gaya masa ko akwai bukatar buɗewa. A ranar ban gane ba. Sai daga baya da na bi diddigi na ga cewa a bayan 'yar lambar nan akwai tunanin da ya kamata duk mai amfani da gas ya fahimta, ko da bai taɓa ganin boila da idonsa ba.

Mu fara daga wutar kanta. Gas ɗin da ke bin bututu zuwa gidajen Birtaniya mafi yawansa metan ne. Kowane awo ɗaya na metan yana bukatar awo biyu na iskar oksijin kafin ya ƙone ƙurmus, kuma tunda oksijin kashi 20.9 ne kawai cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, awo ɗaya na gas yana cin iska kusan awo 10. Idan ya samu wannan iskar cif, abin da ke fita shi ne zafi da tururin ruwa da kabon dayoksayid, wato CO2, irin wadda mu ma muke fitarwa idan mun yi numfashi. Idan iskar ta gaza, ko ba ta gauraya da gas ɗin yadda ya kamata ba, ko harshen wutar ya lashi ƙarfe mai sanyi kafin ya gama cinye gas ɗin, sai ƙonewar ta tsaya a rabin hanya. Ƙwayar kabon ta kama oksijin ɗaya maimakon biyu, sai a samu kabon monoksayid, wato CO. Wanda ya yi karatun dare da fitilar ƙwai ya san wannan a aikace: ka ɗaga lagwani fiye da kima, kananzir ya fi ƙarfin iskar da ke shiga ta ƙasa, wutar ta yi ja ta miƙe, kafin ka ankara gilashi ya yi baƙi ƙirin.

Bambancin oksijin ɗayan nan shi ne bambancin rai da ajali. CO ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sa tari ko yajin ido. Mutane da yawa na ɗauka za su ji warinta domin sun saba jin warin gas idan yana yoyo, alhali wancan warin sinadari ne da ake zuba wa gas da gangan don a gane yoyo, kuma yana ƙonewa tare da gas ɗin. Idan CO ta shiga huhu sai ta maƙale wa himoglobin, abin da ke ɗaukar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma riƙonta ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Jini yana gudana, zuciya tana bugawa, amma ƙwaƙwalwa tana kwana da yunwar iska. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da sarƙewar numfashi, irin abubuwan da Bature zai ce mura ce, mu kuma mu ce maleriya ce ko taifot. Abin lura shi ne ba ta zuwa da zazzaɓi, tana kama mutanen gida a lokaci guda, kuma mutum yakan ji sauƙi idan ya fita waje, ciwon ya dawo idan ya komo. Wanda ta tarar yana barci kuwa yana iya zarcewa ba tare da ya farka ba.

Akwai lokacin da gas ɗin da ake ba gidajen Birtaniya shi kansa yana ɗauke da CO, domin daga kwal ake sarrafa shi, saboda haka yoyo kaɗai ya isa ya kashe mutum ko ba a kunna wuta ba. Tsakanin 1967 da 1977 aka sauya ƙasar baki ɗaya zuwa gas na ƙarƙashin ƙasa, bayan an gano shi a Tekun Arewa. Tun daga nan hanyar da CO ke shiga gida ta gas ta zama guda ɗaya: na'urar da ba ta ƙona gas ɗinta daidai.

Kafin boila ta cutar da mutum, galibi sai lalacewa biyu sun haɗu. Ta farko, wutar ta riƙa haifar da CO mai yawa. Ta biyu, hayaƙin ya samu hanyar shiga inda mutane suke maimakon ya fita waje. Boila na iya shekara tana fitar da guba, amma muddin bututun hayaƙinta lafiya lau yake, gubar na tafiya sararin samaniya, babu wanda ya sani. Wata kuma bututunta ya tsage, amma tunda wutarta na ci da kyau, abin da ke yoyowa bai kai na kisa nan take ba. Ranar da biyun suka gamu ita ce ranar da ake kiran motar asibiti. Haka ta faru a tsibirin Corfu na ƙasar Girka a watan Oktoba na 2006, inda wasu yara biyu daga Ingila, ya da ƙaninta, masu shekara 7 da 6, suka rasu a masaukin da iyalinsu suka sauka hutu: lalatacciyar boila ce a wani ɗan ɗaki da ke manne da nasu, hayaƙinta ya bi kafofin da ke jikin bango ya shiga musu. Amfanin awon hayaƙi shi ne a kama lalacewar farko tun tana ɓoye a cikin bututu, kafin ta biyu ta zo ta buɗe mata ƙofa.

A da, ido ne ma'aunin mai gyara. Wuta shuɗiya mai tsayawa kyam alamar lafiya ce, wuta rawaya mai lanƙwasa alamar matsala, sai kuma kunkunniya a jikin na'ura ko bango, da gumi mai yawa a gilashin taga. Waɗannan alamu har gobe suna da amfani, kuma duk wanda ya gan su kada ya tsaya jiran awo. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a wannan sha'ani ƙima ba ta wadatar ba. Wuta na iya zama shuɗiya ga ido tana kuma fitar da CO fiye da yadda ya kamata. Akwai murhunan dumama falo da aka ƙera su da gangan su yi wuta rawaya don su yi kama da wutar kwal. Uwa uba, boilolin zamani a rufe suke ruf, suna jawo iska daga waje su mayar da hayaƙi waje, wasu ko 'yar tagar leƙen wuta ba su da ita. Abin da ba ka gani ba za ka ƙimanta shi ba.

To me ya sa ba a auna CO ɗin kawai a huta ba? A nan hikimar take, kuma nan ne na fi so mai karatu ya ɗan dakata.

Hayaƙin da ke cikin bututu ba kullum yake zalla ba. Sau da yawa yana gauraye da iskar da ba ta shiga wutar ba. Tsofaffin boiloli masu jan iska daga cikin ɗaki suna da wata kafa da aka bari da gangan a gindin bututun, don iskar ɗaki ta shiga ta daidaita jan hayaƙin. Ko a sababbi, wurin da ka tsayar da tsinken awo na iya sa ya zuƙo iska tare da hayaƙi. Iskar nan tana tsinka hayaƙin kamar yadda ruwa ke tsinka nono, lambar CO ta sauka, mai awo ya ɗauka komai lafiya. Maganin wannan shi ne a auna CO da CO2 tare, a raba ta farko da ta biyu. Ka tuna ruwan gishiri da sukari da ake haɗa wa yaro mai gudawa: in ka ƙara masa ruwa kofi biyu, zaƙin zai ragu, gishirin ma zai ragu, amma yawan gishiri in an gwada shi da yawan sukari yana nan yadda yake. Haka CO da CO2 suke. Daga wuta ɗaya suka fito, iska kuma tana tsinka su daidai wa daida, saboda haka sakamakon rabawar ba ya motsi.

Ga yadda lissafin yake. Ana auna CO da kashi cikin miliyan, abin da ake taƙaitawa da ppm, CO2 kuma da kashi cikin ɗari, kuma kashi 1 cikin ɗari daidai yake da ppm 10,000. Mu ɗauka na'ura ta nuna CO ppm 90, CO2 kuma kashi 9 cikin ɗari, wato ppm 90,000. Raba 90 da 90,000, ka samu 0.001. A ce iska ta shiga ta tsinka hayaƙin rabi da rabi: CO ta koma 45, CO2 ta koma kashi 4.5, ka raba, har yanzu 0.001 ne. Yanzu ɗauki wata boilar da ke fitar da CO ppm 800, amma hayaƙinta ya tsinke ninki huɗu kafin ya kai bakin tsinke. Na'ura za ta nuna 200 kacal, lambar da ba za ta tayar wa kowa hankali ba. Amma CO2 ɗin ma ta faɗo zuwa kashi 2.25, kuma 200 a raba da 22,500 ya kusa 0.009. Asirinta ya tonu, duk da ruwan da aka ƙara wa nonon.

Ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 7967 ita ce ta tsara yadda ake amfani da wannan lamba, kuma a kan boilar dumama gida akwai iyakoki biyu da kowane mai aikin gas ya haddace: 0.004 da 0.008. Idan lambar ba ta kai 0.004 ba, kuma sauran binciken bai nuna wata matsala ba, ana ɗauka wutar na ci yadda ya kamata, ba lallai sai an wargaza cikin boilar an wanke ba. Idan ta haura 0.004, to boilar ta nemi cikakken sabis: a buɗe, a share wurin da wuta ke fita, a wanke bututun da wuta ke lasa don ruwa ya yi zafi, a duba fanka da matsin gas, sannan a sake awo. Idan kuwa an yi duk wannan lambar ta ƙi sauka ƙasa da 0.008, ba a barin boilar tana aiki. Mai gyara zai nemi izinin kashe ta, ya manna mata takardar gargaɗi cewa akwai haɗari kada a kunna, har sai an gano ciwon an magance shi. Sauran na'urori kowace da tata iyakar, domin murhun dumama falo da na'urar da ba ta da bututun hayaƙi ko kaɗan ba za a auna su da mudu ɗaya ba. A kan duk wannan, abin da kamfanin da ya ƙera na'urar ya rubuta a littafinta shi ne gaba.

Wani zai ce ai da a riƙa wargazawa kowace shekara an huta da lissafi. Wannan magana tana da fuska, amma duk wanda ya yi hulɗa da bakanike ya san cewa inji mai lafiya ba ya son yawan kwancewa. Kowace buɗewa tana taɓa robobi da mannin da ke hana hayaƙi fita, kuma kowace mayarwa dama ce ta a manta wani noti ko a ɗora murfi a karkace. Ga lokaci, ga kuɗin aiki. Awo yana ba mai gyara hujjar barin mai lafiya da lafiyarta, ya kashe ƙarfinsa a kan wadda ke ciwo.

Zuwan boiloli na zamani ya sa awon ya tashi daga abin taimako ya koma wajibi. Daga watan Afrilu na 2005, a Ingila da Wales, kusan duk sabuwar boilar gas da za a kafa dole ta zama irin wadda ke tatse zafin da ke cikin tururin hayaƙi har tururin ya koma ruwa. Yawancin irin waɗannan suna haɗa gas da iska tun kafin su isa wuta, ta hanyar fanka da wani bawul mai daidaita su. Aikin bawul ɗin ya yi kama da na kafireta, sai dai kafireta bakanike yakan saita ta da kunne da warin salansa, wannan kuwa ba a saita shi sai da na'urar awo. Ɗan juyi kaɗan a kan sukurunsa na iya tura CO daga gomomi zuwa dubbai, boilar kuma ta ci gaba da ba da ruwan zafi kamar ba abin da ya faru. Shi ya sa daga Afrilun 2014 aka ɗora wa mai kafa irin wannan boila ya auna ya kuma rubuta sakamakon tun ranar da ya kunna ta: CO kada ta kai ppm 350, lambar rabawa kuma kada ta kai 0.004, a lokacin da wuta ke ci da cikakken ƙarfi da kuma lokacin da take ci a mafi ƙanƙanta. Iyakokin biyu kusan abu guda suke faɗa, domin irin waɗannan boiloli kan yi aiki da CO2 wajen kashi 9, kuma 0.004 na 90,000 shi ne 360.

Akwai wani awon da ke tafiya tare da wannan, wanda a ganina ya fi kowanne nuna basira. Bututun yawancin boilolin nan biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya: na ciki yana fitar da hayaƙi, na waje yana shigo da iska. Idan na cikin ya tsage ko mahaɗarsa ta saki, boilar za ta koma tana shaƙar hayaƙin kanta. Oksijin ya ragu, wuta ta ƙara lalacewa, hayaƙin da za ta sake shaƙa ya fi na baya muni, abu ya yi ta ninkuwa cikin ɗan lokaci. Don haka mai gyara yakan zura tsinken a hanyar shigar iska ma. Abin da ake so ya gani shi ne oksijin kashi 20.6 ko fiye, CO2 kuma ƙasa da kashi 0.2, wato iskar da ke shiga ta yi kusa da iskar waje tsantsa.

Kada lambar 350 ta ruɗi kowa. Wannan iyaka ce ta cikin bututu, hayaƙin da ke kan hanyarsa ta fita waje. A cikin ɗaki lissafin daban ne. Ƙararrawar CO da aka ƙera bisa ƙa'idar Turai ta EN 50291 za ta yi kuka tsakanin minti 60 zuwa 90 idan iskar ɗaki ta kai ppm 50, tsakanin minti 10 zuwa 40 idan ta kai 100, kuma cikin minti 3 idan ta kai 300. Abin da ake yafewa a bututu, a falo dalilin ficewa ne da gudu.

Duk da yabon da na yi wa awon, akwai inda nake da damuwa, kuma ba ƙarama ba ce. Na farko, na'urar kanta tana iya ƙarya. Ƙwayoyin da ke jin CO da oksijin a cikinta suna aiki ne da sinadari kamar batir, suna tsufa, ruwa yana lalata su, hayaƙi mai tsanani yana gajiyar da su. Shi ya sa ake mayar da ita a daidaita ta a ba ta takardar shaida duk shekara, ake duba matatarta da 'yar kwalbar da ke tare ruwa, ake kuma kunna ta a iskar waje kamar yadda mutumin nan ya yi a bakin ƙofata, domin idan ta ɗauki gurɓatacciyar iska a matsayin sifiri, duk abin da za ta faɗa bayan nan a karkace yake. Da yawa daga cikin na'urorin ma ba sa auna CO2 kai tsaye, suna lissafa ta ne daga oksijin da ya rage da kuma irin gas ɗin da aka zaɓa musu. Mai gyara ya manta ya bar ta a kan gas ɗin silinda alhali yana auna na bututu, lambar rabawa ta fito ba daidai ba. Lokacin ɗaukar awo ma yana da tasiri: boila mai sanyi takan yi tsallen CO a mintunan farko, sai an bari ta ɗumama lambobi sun natsu.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai, shi ne masu mayar da awon madadin aikin baki ɗaya. Su shigo, su zura tsinke, su buga takarda, su fice cikin minti goma, su kira shi sabis. Lambar tana ba da labarin wutar ne a wannan sa'ar kawai. Ba ta san cewa robar murfin ciki ta bushe ta kusa tsagewa ba. Ba ta ga tsatsar da ke cin bututu ba, ko sheƙar tsuntsu a bakin tsohuwar hanyar hayaƙi, ko kafar shan iska da ɗan haya ya toshe da tsumma saboda sanyi. A taƙaice awon yana gadin lalacewar farko ne, ta biyun sai ido da hannu da haƙuri. Birtaniya ta koyi wannan da tsada a gidajen sama inda aka bi da bututun hayaƙi ta cikin silin, aka rufe shi ba mai iya ganinsa. Mahaɗa ta saki a can ciki, awo a jikin boila ba zai nuna ba. Daga 1 ga Janairun 2013 aka ce irin wannan bututu dole a yi masa ƙofofin leƙe, in babu su mai duba gas zai ɗauki na'urar a matsayin mai haɗari ya ba da shawarar a kashe ta.

Ga 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikatan jinya da sauran masu zaman haya a can, doka tana tare da ku, sai dai a san ta. Dokar kiyaye haɗarin gas ta 1998 ta wajabta wa mai gida ya sa a duba na'urorin gas da bututun hayaƙinsu duk wata 12, ya kuma ba ɗan haya kwafin takardar cikin kwana 28. Mai dubawar dole ya kasance cikin rajistar Gas Safe Register, wadda ta gaji tsohuwar rajista mai suna CORGI a Afrilun 2009, kuma bayan katinsa yana nuna irin na'urorin da aka yarda ya taɓa. Daga 1 ga Oktoban 2022 a Ingila, mai gida dole ya sa ƙararrawar CO a duk ɗakin da ake zama ko kwana a ciki da ke da kafaffiyar na'ura mai ƙona makamashi, ban da murhun girki na gas. Duba lafiya na shekara da sabis abubuwa biyu ne daban, ko da yake sau da yawa ana haɗa su a zuwa ɗaya, don haka ba laifi ba ne ka tambaya wanne aka yi. Wanda ya sayi gidan kansa kuwa babu dokar da ta tilasta masa duban shekara, shi zai tuna wa kansa.

A gida, daga Kano zuwa Maraɗi, ba mu da boila, amma gas ɗin silinda ya shiga kicin ɗin birni da ƙauye, kuma lissafin lalacewa biyun nan ya fi tsanani a kanmu. Murhun girki ba shi da bututun hayaƙi. Duk abin da wutarsa ta haifa a cikin kicin yake zama, wato ƙofar nan ta biyu a buɗe take kullum, lalacewa ɗaya ta isa. Gas ɗin silinda kuma ya fi metan cin iska nesa ba kusa ba: a cikin nau'o'insa biyu, awo ɗaya na furofen na bukatar iska kusan awo 24, na biyuten kusan 31. Miya ta tafasa ta zube a kan murhu, mai ya daskare, ƙurar hunturu ta cika kafofin da iska ke bi, sai wuta ta fara rawaya. Uwargida ta ga gindin tukunya na yin baƙi kamar a kan itace aka ɗora ta, ta ɗauka gas ɗin ne ba shi da kyau, alhali murhun ne ke neman a cire kansa a wanke, a bi ƙananan kafofin a buɗe su. Ƙatuwar tukunyar biki da aka kifa a kan ɗan ƙaramin murhu har ta danne wutar ita ma tana hana ta iska. Murhun gas bai kamata ya baƙanta tukunya ba, kuma taga ko ƙofar kicin ba a rufe ta ana girki. Wanda ya sa na'urar dafa ruwan wanka mai aiki da gas a cikin rufaffen banɗaki ya sake tunani tun da wuri. Ita dai wannan gubar ita ce ke fita daga salansar janareta da ake shigarwa baranda da dare saboda tsoron ɓarayi, ita ce kuma ke tashi daga kaskon garwashi da ake kai wa mai jego ko tsoho ɗaki lokacin sanyi a ja ƙofa. Gawayin da ya yi jajir ya daina hayaƙi bai daina fitar da CO ba.

Takardun awon nan na riƙa ajiye su a bayan littafin boilar, ban san za su yi amfani ba. A shekara ta uku wani mai duban daban aka turo, dattijo mai yawan shiru. Ya yi awonsa, lambar ta tsaya a 0.003. Na san lissafin a lokacin, na ce a raina ta tsallake. Shi kuwa ya ɗauki tsofaffin takardun biyu ya jera su a kan teburin kicin kusa da sabuwar, ya duba 0.001 da 0.001 da 0.003, ya ce abin da ya ninka uku cikin shekara ɗaya ba zai jira shi ya kai iyaka ba. Ya rufe gas, ya cire wuta, ya kwance murfin ciki. Ya haska mini da tocila: tsakanin murɗaɗɗun bututun ƙarfen duk ɓurɓushi ne baƙi-baƙi kamar garin kofi, ya cushe hanyoyin da hayaƙi ke bi. Ya goge da burushi mai laushi, ya zuƙe, ya wanke da ruwa, ya kwance 'yar kwalbar da ke tara ruwan tururi a ƙasa ya zubar da laka, ya sa sabuwar roba a bakin murfin maimakon tsohuwar. Aikin ya ci fiye da awa ɗaya. Da ya mayar da komai sai ya sake fita bakin ƙofa da na'urarsa, ya dawo ya auna da wuta mai ƙarfi, ya auna da ƙarama, ya zura tsinken a hanyar shigar iska. Lambar ta koma 0.001. Ya mayar da ɗan murfin gwiwar bututun ya ɗaure shi tam, ya taɓa shi da yatsa ya tabbatar, sannan ya haɗa takardar kafin gyara da ta bayan gyara ya maƙala su a littafin.